Karayar Idon Sawu: Ɗori, Siminti ko Aiki?

Duk gidan da aka taɓa shigowa da wani a ciccibe, ƙafarsa ta yi suntum bayan faɗuwa daga babur ko santsi a banɗaki, sun san gardamar da ke biyo baya. Kafin la'asar gida ya rabu uku. Kawu ya ce akwai mai ɗori a ƙauyensu, gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Yaya ya ce a nemo mota a tafi asibiti. Inna tana gefe tana share hawaye, ita dai kada a kai mata ɗa inda za a yanke masa ƙafa. Wanda ya karye kuwa yana kwance yana cije leɓe, kuma har yanzu ba wanda ya yi tambayar da ta kamaci a fara da ita: ƙashin nan yana zaune a gurbinsa, ko ya goce?

A kan wannan tambaya komai ya rataya. Idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce. Babban ƙashin ƙwauri ya sauko ta ciki, siririn ƙashin da ke gefensa ya sauko ta waje, su biyun suka yi gurbi suka kama wani dunƙulallen ƙashi da ke zaune a kan ƙashin dunduniya. 'Yan tudun nan biyu da kake shafawa hagu da dama, ƙarshen ƙasusuwan biyu ne. Manomi ya san abin da ke faruwa idan ramin ƙota ya yi wa ruwan fartanya yawa: ruwan ya dinga kaɗawa yana cin ƙotar, har wata rana ta tsage. Haka mahaɗar nan take. Wani bincike da aka buga a 1976 ya nuna cewa idan dunƙulallen ƙashin ya matsa gefe da milimita ɗaya kacal, wato abin da bai fi kaurin katin cirar kuɗi da komai ba, filin da ƙasusuwan ke haɗuwa yana raguwa da kusan kashi 42 cikin 100. Nauyin mutum bai ragu ba, wurin da ke ɗaukarsa ne ya tsuke. Guringuntsin da ke wurin sai ya soma zaizayewa, bayan 'yan shekaru a wayi gari da ciwon gaɓa wanda ba ya jin magani.

Milimita ɗaya, a ƙarƙashin fatar da ta kumbura. Babu hannun da ke iya jin wannan, komai ƙwarewarsa, na likita ne ko na mai ɗori. Shi ya sa ko ina aka ƙudura za a kai marar lafiya daga ƙarshe, ni a ganina hoton ƙashi ne matakin farko. Ba kowane targaɗe ne ke buƙatar hoto ba. Amma wanda ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko aka danna ƙashin 'yan tudun nan ya yi ƙara, ko ƙafar ta karkace a ido, wannan kam a ɗauka.

Gidan mai ɗori

Ya kamata a yi wa masu ɗori adalci. Jama'a ba don wauta suke tururuwa wurinsu ba. Mai ɗori yana kusa, yana jin yarenka, ba ya cewa sai ka yanki kati ka bi layi, yana karɓar abin da ya sawwaƙa a biya shi kaɗan-kaɗan, wani ma har gida yake zuwa, ya yi tofi ya kwantar wa iyaye hankali. A ƙauyuka da yawa shi kaɗai ne ake da shi. Kuma mutane da dama sun warke a hannunsa, wannan gaskiya ce. Dalilin shi ne ƙashi da kansa yake ɗinkewa da ikon Allah. Idan karayar ba ta goce ba, aka hana ta motsi na makonni, za ta kama, ko kara aka jera mata ko siminti.

Matsalar tana wurin karayar da ta goce, musamman wadda ta shiga cikin gaɓa. Karayar tsakiyar ƙwauri ko da ta ɗan kama a karkace, sau da yawa mutum yana iya rayuwa da ita. Ta idon sawu ba ta yafe wannan. Mai ɗori zai ja, ya murza, ya ji kamar ta koma, ya ɗaure. Ƙashi zai kama kuwa, amma a inda ya tsinci kansa. Wata biyu marar lafiya ya miƙe ana ta barka, shekara biyu ya soma ɗingishi, ba wanda zai danganta wannan da wancan.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗaurin da ya matse. Ƙafar da ta karye tana ci gaba da kumbura har kwana biyu zuwa uku. Idan aka jera mata kara aka tamke da tsumma ko igiya tun ranar farko, kumburin ba shi da inda za shi, sai ya danne hanyoyin jini. Naman da jini ya daina kai wa yana soma mutuwa cikin awa shida zuwa takwas. Marar lafiya yana kuka ana ce masa ya yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Ba kamawa ba ce. Azabar da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wadda magani ba ya taɓawa, yatsun da suka yi sanyi ko suka dushe ko suka mutu ba a jin su, ƙuraje masu ruwa a gefen ɗauri, wari: ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a kwance ɗaurin a wannan lokacin, a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Wannan ya shafi simintin asibiti ma idan ya matse.

Nan ne nake so Inna ta saurare ni. Tsoronta yana da tushe, domin ta ga wanda aka kai asibiti ya dawo ba ƙafa. Amma a tambaya, yaushe aka kai shi? Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan ruɓewar gaɓa bayan ɗaurin da ya matse, mafi yawa a jikin yara. Ƙafar tana isowa ta riga ta yi baƙi, abin da ya rage wa likita shi ne ceton rai. Karayar idon sawu da ba rauni, wadda ta iso asibiti a ranar da abin ya faru, da wuya ƙwarai ta kai ga yanka.

Idan kuwa akwai rauni a kan karayar, ko ƙashi ya leƙo, ko da ya koma ciki, babu ma zancen zaɓi. Ƙura da ƙwayoyin cuta sun riga sun taɓa ƙashi. Abin da ake buƙata shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, rigakafin sarƙewar haƙora, da wanke raunin a ɗakin tiyata. Barbaɗa garin magani a irin wannan rauni yana iya jawo ciwon ƙashi mai fitar da mugunya shekara da shekaru.

Siminti

Ba duk wanda ya je asibiti ake yi wa aiki ba. Idan hoto ya nuna siririn ƙashin waje ne kawai ya karye can ƙasa, gurbin bai buɗe ba, siminti ko takalmin nan mai tauri ya wadatar, kusan mako shida. Da farko akan sa rabin siminti ta baya don a bar wa kumburi wuri, daga baya a kewaye. Babu yanka, babu ɗinki, babu fargabar rauni ya ƙi warkewa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na aiki ba.

Abin da mutane ke sakaci da shi shi ne komawa. Idan kumburi ya saɓe siminti yakan yi sako-sako, ƙashin da aka saita yana iya sake gocewa a ɓoye, ba tare da wani sabon ciwo ba. Don haka ake sake hoto bayan mako ɗaya ko biyu. Wanda ya ce ai an gama, ya zauna a gida sai ranar cirewa, ya mayar da simintinsa ɗori ne kawai mai tsada. Sai kuma wahalar zama da shi a zafin Maris da Afrilu: gumi, ƙaiƙayi, sha'awar zura tsintsiya ko biro a sosa. Kada a zura komai, ƙujewar da ba a gani tana zama gyambo.

Ga tsofaffi akwai wani abu da ya kamata a sani. A Birtaniya an yi gwaji a kan mutum 620 da suka haura shekara 60, dukkansu da karayar idon sawu mai gocewa, aka buga sakamakon a 2016. Rabi aka yi musu aiki, rabi aka saita musu ƙashin a ɗakin tiyata aka sa wani siminti mai bin jiki sosai. Bayan wata shida tafiyarsu da amfanin ƙafarsu kusan ɗaya. Sai dai kowane ɓangare da irin asararsa: masu aiki sun fi samun matsalar rauni, masu siminti sun fi samun ƙashin da ya kama a karkace, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu simintin sai da aka koma aka yi musu aikin. Wato tsohuwa mai siririyar fata da ƙashi mai taushi tana da hujjar tambayar likita ko za a gwada siminti tukuna. Saurayi ɗan shekara 25 mai ɗaukar buhu a kasuwa, wanda ƙafar nan za ta yi masa hidima shekara hamsin idan da rai, lissafinsa daban ne.

Aiki

Idan ƙasusuwan biyu sun karye, ko dunƙulallen ƙashin ya matsa, ko jijiyar da ta ɗaure ƙasusuwan ƙwauri biyu ta yage, mafi yawan likitoci aiki za su ce. Galibi allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu na 'yan awoyi, mutum yana farke. A tsaga ta waje a jera ƙashin a ɗora masa siririn ƙarfe da kusoshi, ta ciki kuma sau da yawa kusa biyu sun isa. Wani lokaci a ƙara doguwar kusa da ta ratsa ƙasusuwan biyu ta riƙe su har jijiyar ta warke.

Mutane da yawa suna zaton aiki yana sa ƙashi ya yi saurin kamawa. Ba ya sawa. Makonnin nan shida suna nan daram. Abin da ƙarfe ke yi shi ne riƙe ƙashin a daidai gurbinsa har ya kama, da ba da damar soma motsa gaɓar da wuri don kada ta sandare.

Lokacin yinsa ma da magana. Ko dai a yi a ranar farko kafin kumburi ya yi ƙarfi, ko a jira mako ɗaya zuwa biyu har fata ta saki ta soma tamoji. Iyalai kan fusata idan an kwantar da nasu an rataye ƙafa ba a yi komai ba, su ce an yi watsi da shi, wasu ma su sa hannu su ɗauke shi. Jiran nan na da dalili. Fatar idon sawu siririya ce, ba tsoka a ƙarƙashinta, ƙashi ne kai tsaye. Aka tsaga ta tana ɗaure da kumburi, ɗinkin na iya buɗewa ƙarfe ya fito fili. Wannan ce babbar fargabar aikin idon sawu. Bayan ta akwai shigar ƙwayoyin cuta, mutuwar wani ɓangare na fatar saman ƙafa idan an taɓa wata siririyar jijiya, da gudan jini a sha-raɓa, wanda kan iya ɓallewa ya tafi huhu. Masu siminti ma ba su tsira daga gudan jinin ba. Sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya soma sarƙewa, asibiti nan take.

Ƙarfen kuwa an yi shi ne don ya zauna a jiki, ba ya tsatsa, kuma yawancin mutane ba a cire musu. Wanda yake gogar takalmi ko yake damun mai shi, ana iya cirewa bayan ƙashi ya kama sarai, galibi bayan shekara. Wannan wani aiki ne na biyu da kuɗinsa, gara a tambaya tun farko.

Jikin da za a yi wa aikin

Hoto yana faɗin halin ƙashi ne kawai. Sauran labarin yana wurin mai ƙafar, kuma ɓoye wa likita wani abu a nan cutar kai ce.

Ciwon suga shi ne kan gaba. Mai suga rauninsa yana jinkirin warkewa, ƙwayoyin cuta sun fi kama shi, ƙashinsa ya fi daɗewa kafin ya kama, har akan ninka masa lokacin hana taka ƙafa. Wanda sugar ta riga ta kashe wa jijiyoyin ƙafa ya fi kowa shiga haɗari, domin zafi shi ne mai gargaɗi, shi kuma ba ya ji. Sai ya taka ƙafar da ba ta warke ba yana murna, gaɓar tana rugujewa a hankali. Kada wani ya ɗauka cewa tunda haka ne sai a guje wa aiki: karaya mai gocewa a ƙafar mai suga idan aka bar ta a siminti ita ma tana ɓaci, siminti yana ci masa fata bai sani ba. Sai dai a auna sugar, har da gwajin nan da ke nuna matsakaicinta na wata uku, a daidaita ta, a zaɓi hanya ido buɗe. Ɗaurin kara a ƙafar mai suga kuwa, wannan ina roƙo da babbar murya kada a yi.

Taba tana tsuke ƙananan hanyoyin jini, ita ma tana hana rauni da ƙashi warkewa. Sigari da shisha duk ɗaya. Saurayin da ke jin nauyin faɗa a gaban mahaifinsa, ya nemi ganin likita shi kaɗai. Mai sikila ya faɗa tun a bakin ƙofa, domin rashin ruwa a jiki, sanyin ɗakin tiyata da ɗaurin da ake yi a cinya don tsayar da jini duk suna iya tayar masa da ciwo, kuma wataƙila a tanadi jini. A lissafa wa likita duk abin da ake sha: magungunan tsinka jini, ƙwayoyin tazarar haihuwa, jiƙe-jiƙen gargajiya, da haɗin ciwon jikin nan na kemis da ba a san abin da ke ciki ba. Yaro kuma a bi shi a hankali, domin a daidai idon sawu akwai wurin da ƙashinsa ke tsawo. Karayar da ta ratsa nan idan ba a saita ba, ƙafar na iya tasowa a karkace.

Makonnin da ke gaba

Ko siminti ko aiki, zaman gida ne ke jiranka, kuma an fi yin kuskure a nan fiye da a ɗakin tiyata. Ka duba gidanku. Masai na tsuguno ne? Da ƙafa ɗaya ba za ka iya ba, sai a nemi kujerar da aka huda ko makamancinta. Ɗakinka a bene yake? A sauko da shimfiɗarka. Uwar gida mai goyo da girki, wa zai riƙe ta? Ana so ƙafar ta yini a ɗage a kan filo, sama da ƙirji, musamman makonni biyun farko. Sallah a zaune ta halatta ga wanda ba ya iya tsayuwa, kuma malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri wajen alwala, don haka babu dalilin jiƙa siminti ko ɗinki. Direba ya sani cewa idan ƙafar dama ce aka yi wa aiki, ƙarfin taka birki ba ya dawowa sosai sai wajen mako tara. Kumburin yamma kuwa yana iya kai wa wata shida, har shekara, ba alamar aiki ya ɓaci ba ce.

Gashin ƙashi, wato motsa gaɓar da ƙwararru ke koyarwa a asibiti, ba ƙari ba ne, rabin maganin ne. Gaɓar da ta yi mako shida a kulle tana fitowa a sandare, sha-raɓa ta tsotse. Mu da muke tsuguno, muke zaman tahiya, muke zama a tabarma, mun fi mai zaman kujera buƙatar idon sawu ya lanƙwasa har ƙarshe.

Batun kuɗi a yi shi ƙeƙe-da-ƙeƙe tun kafin a sa hannu. A tambayi jimla: ƙarfe, gwaje-gwaje, gado, magani, wankin rauni, hotunan baya, gashi. Mai inshorar lafiya ya tambaya ko ta ɗauki kuɗin ƙarfe. A kuma tambaya, cikin ladabi, wa zai yi aikin, shin likitan ƙashi ne? Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana wannan aiki tun 1959, asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen ƙashi, haka manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Ka roƙi likita ya ɗaga hoton ya nuna maka inda gurbin ya buɗe, ya faɗa maka abin da zai faru idan ba a yi aikin ba. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ɗauki hoton ka nuna wa wani likitan ƙashi. Kwana ɗaya ko biyu a cikin rabin siminti ba za su ɓata karayar da ba rauni ba, muddin an mayar da gaɓar mazauninta.

Wanda ya riga ya yi wata uku ko shekara yana ɗingishi bayan ɗori, shi ma ƙofa ba ta rufe masa ba, sai dai hanyar ta ƙara tsawo. Idan guringuntsi bai gama cinyewa ba, ana iya sake yanka ƙashin a miƙe shi a sa ƙarfe, aikin da ya fi na farko wuya da tsada. Idan ya cinye, abin da aka fi yi shi ne a haɗe gaɓar gaba ɗaya ta zama ƙashi ɗaya. Ciwo yana tafiya, mutum yana tafiyarsa har ya yi noma, amma idon sawun ba zai sake lanƙwasawa ba, tsuguno da hawan tudu sai da dabara, kuma ƙananan gaɓoɓin da ke kusa su ne za su ɗauki wahalar, bayan shekaru su ma su soma ƙorafi. Akwai gaɓar roba da ƙarfe da ake sawa a madadin haka, amma tana da tsada, masu yin ta kaɗan ne, kuma ba ta jure aikin ƙarfi, an fi yi wa masu shekaru. Mai irin wannan ƙafa idan zai je asibiti ya tafi da duk hotunan da aka taɓa ɗauka, da takalmin da ya fi sawa, domin yadda ƙasan takalmin ya cinye yana nuna wa likita ta inda ƙafar ke zuba nauyi.